Laifin Wa Ne In Ɗalibi Ya Kwana A Kan Waya?

Gabatarwa

Akwai wani hukunci da aka saba yankewa a gidajenmu ba tare da an zauna shari'a ba. Da zarar an ga ɗalibin babbar makaranta, namiji ko mace, ya raba dare yana latsa waya, gari ya waye yana barci har hantsi ya dubi ludayi, sai a ce ai malalaci ne, waya ta lalata shi. Uba ya faɗa, malamin aji ya nanata, mai wa'azi ya ɗora a kai, har ta kai an mai da irin wannan yaro abin buga misali a cikin littattafai da fina-finai. Hukuncin yana da daɗin faɗa domin gajere ne, kuma yana nuna mai laifi ɗaya tak, wanda za a iya kamawa da hannu a jefa cikin aljihu.

Tambayar da muke son mu tattauna da mai karatu a wannan fitowa ita ce: shin wannan hukunci adalci ne? Mu dai a ganinmu an cuɗa abubuwa uku ne wuri guda, aka ba su suna ɗaya. Akwai halitta, watau yadda Allah ya tsara lokacin barcin kowane mutum. Akwai ciwo, watau tsananin damuwa da ke kama zuciya. Sa'an nan akwai ɗabi'a, watau jarabar intanet. Kowanne daga cikinsu da irin hukuncin da ya dace da shi, kuma duk wanda ya yi musu kuɗin goro to lalle zai zalunci wani.

Za mu ɗauki misalanmu ne daga 'ya'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta Jihar Katsina, waɗanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da makamantansu. Dalilin zaɓen nan kuwa biyu ne. A waɗannan garuruwa ne dare ya sauya kama a kan idon kowa, kuma a nan ne aka taɓa ɗauke layin waya gaba ɗaya har tsawon watanni, abin da babu wani mai bincike da zai iya shirya shi da kansa.

Agogon da ke cikin jiki

Masana sun tabbatar cewa a can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke riƙe wa jiki lokaci. Haske ne ke saita shi. In duhu ya shigo sai jiki ya fara sakin wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke sanar da gaɓoɓi cewa lokacin kwanciya ya gabato. In hasken safiya ya bugi ido sai sinadarin ya janye. A shekarar 2017 wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka sami lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayoyin gado.

Abin lura a nan shi ne agogon kowa daban. Tun a 1976 wasu masana biyu, Horne da Östberg, suka tsara tambayoyi 19 da ake auna mutum da su a gane ko ɗan sammako ne, ko ɗan dare, ko kuwa yana tsakatsaki, inda mafi yawan jama'a suke. Daga baya wani masani a birnin Munik na ƙasar Jamus, Till Roenneberg, ya tattara bayanan barcin dubban mutane, ya gano cewa agogon yana tafiya da shekaru. Ƙaramin yaro ɗan sammako ne. In ya fara balaga sai barcinsa ya riƙa ja da baya, har ya kai matuƙa wajen shekara 20, daga nan ya fara dawowa sannu a hankali, ya zuwa tsufa ya koma mai kwanciya da wuri mai tashi da wuri.

To, mai karatu ya duba wannan shekara ta 20. Ita ce fa shekarar da yaro ke aji ɗaya ko aji biyu na jami'a. Ke nan a daidai lokacin da jikinsa ya fi karkata ga dare, a lokacin ne ake kiransa lacca da ƙarfe takwas na safe, bayan ya tashi sallar asuba tun wajen ƙarfe biyar. Roenneberg da abokan aikinsa sun yi wa wannan hali suna a 2006, wanda za mu iya kira saɓanin agogo biyu: agogon jiki na cewa dare bai ƙare ba, agogon jama'a na cewa an makara.

Ba mu ce Bahaushe ya yi kuskure da ya yabi sammako ba. A ƙasar masara da dawa da auduga irin ta Faskari da Sabuwa, wanda bai kama fartanya da sanyin safiya ba rana za ta kore shi daga gona kafin ya yi abin kirki. Yabon yana da tushe. Inda gizo ke saƙar shi ne a ɗauki abin da yake sauƙi ne ga wani jiki, wahala ga wani, a mai da shi ma'aunin halin kirki. Mutumin da idonsa ke buɗewa da kansa kafin kiran salla bai yi wani yaƙi da zuciyarsa ba. Wanda kuwa yake jan jiki da ƙyar, ya yi alwala ido na lumshewa, ya ɗauki kayan da suka fi nauyi, ya kuma kai su inda na farkon ya kai nasa. Kasancewarsa ɗan dare bai sauke masa farilla ba, amma ya kamata ya sa a rage masa gori. Su kansu magabata sun bar mana tunatarwa cewa in wani ya yi sammako, wani a tafe ya kwana.

Daren jiya da daren yau

Me ya sa ma aka halicci mutane da agogo mabambanta? A 2017 wani masani mai suna David Samson da abokansa suka ɗaura wa mutum 33 daga ƙabilar Hadza ta ƙasar Tanzaniya na'urar auna barci a hannu. Mutane ne mafarauta, ba su da lantarki balle intanet. A cikin kwana 20 da aka yi ana aunawa, minti 18 kacal aka samu wanda dukansu suke barci a lokaci guda. Kafin matasa su kwanta dare ya yi nisa, kafin barcinsu ya yi nauyi tsofaffi sun fara motsi. Babu wanda ya raba musu gadi, amma da wuya zangon ya zama babu mai ido biyu. Abin da masanan suka fahimta shi ne wannan bambanci garkuwa ne ga jama'a.

Mu ma in mun waiwaya za mu ga ɗan dare yana da gurbinsa a garin Bahaushe. Akwai dandali da hasken farin wata, akwai tatsuniya a ɗakin kaka, akwai hirar ƙofar gida da ta teburin mai shayi. Almajirai na karatun dare a gefen wuta, mafarauci na daji, mai gadin kasuwa na zagaye, da azumi kuma ga mai tashin mutane sahur. Wanda barci bai zo masa da wuri ba yana da wurin zuwa, yana da abokan zama, sau da yawa ma yana da aikin da gari ke gode masa a kai. Dare mahutar bawa ne ga mai barci, fagen aiki da zumunci ne ga marar barci.

Wannan daren ne 'yan bindiga suka ƙwace. A daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara aka kwashe yara, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. Sa'o'in waɗannan yara, da ƙannensu, da waɗanda suka ji labarin daga ƙauyukan kewaye, su ne suka cika azuzuwan manyan makarantu a shekarun da suka biyo baya. Sun tashi sun ga iyalai na barin gida su kwana a wani wuri, sun ga an koyi rarrabe ƙarar babur ɗaya da ta babura da yawa. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi har da Faskari. Amma jikin da ya koyi kwana da kunne a buɗe ba ya sa hannu a takardar sulhu. Yakan daɗe bai saki ba.

Yanzu mu ɗauki ɗalibin da ke kwance a ɗakin kwanan ɗalibai a Katsina ko Zariya, mahaifiyarsa na wani ƙauye a bayan Sheme ko Yankara. Wayar nan ita ce kunnensa. A zauren WhatsApp na 'yan garinsu ne zai fara jin in wani abu ya faru, kuma ya san irin wannan labari da dare yake zuwa. Ya duba ƙarfe goma sha ɗaya, shiru. Ya duba sha biyu, shiru. Shirun ba ya kwantar masa da hankali, domin bai san ko na lafiya ba ne. Kafin ya sake dubawa sai ya leƙa Facebook ko TikTok don ya rage lokaci, sai ya farga ƙarfe uku ta gota. Ƙari a kan haka, kamfanonin waya sun daɗe suna sayar da data mai rahusa ta tsakar dare, kamar yadda a tsakiyar shekarun 2000 suka riƙa ba da kiran dare kyauta. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, wanda yake son sauke littafi ko kallon darasi, aljihunsa ma dare yake tura shi. Shin wannan yaro malalaci ne, ko kuwa mai gadi ne da ya rasa zangon da zai tsare?

Damuwar da ba ta da suna a gida

Abu na biyu shi ne ciwo. Kowa yakan yi baƙin ciki ya wuce. Amma likitoci na kiran abu ciwon tsananin damuwa ne in ya kai mako biyu ko fiye mutum na cikin ƙunci kusan kullum, abin da da yake ba shi sha'awa ya daina, ci ya lalace, barci ya rikice, hankali ya ƙi tsayawa kan karatu, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya fara tunanin mutuwa ta fi masa. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, kimanin mutum miliyan 280 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya. A gidajenmu kuwa sunayensa daban ne: ya cika tunani, ya faye miskilanci, ba shi da tawakkali, ko kuma an yi masa sammu.

Ɗalibin yankin da muke magana a kai ba ya rasa abin da zai tsaga masa zuciya. Gonar da ake biyan kuɗin makaranta da amfaninta wata shekarar ba ta nomu ba. Shanun da ake sayarwa in an matsu an kore su, ko an sayar an biya kuɗin fansa. Yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, yaro na zaune a gida ba karatu ba sana'a, kwanaki duk sun zama iri ɗaya. Wanda ba shi da dalilin tashi da safe, me zai sa ya kwanta da wuri?

Binciken da aka yi a kan ɗaliban jami'a a ƙasashe irin su Taiwan da Turkiyya ya nuna 'yan dare sun fi 'yan sammako faɗawa jarabar intanet. Bincike da yawa kuma ya nuna alamun damuwa sun fi yawa a cikin 'yan dare. Wani da aka buga a 2021, wanda ya duba bayanan gadon mutum wajen 840,000, ya gano cewa waɗanda halittarsu ta sa suke riga wasu barci da tashi da awa ɗaya, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 23 cikin ɗari. Abubuwan uku suna cin juna ne kamar zobe. Ɗan dare na farke a lokacin da kowa ya yi barci, shi kaɗai da tunaninsa. Tunani ya yi nauyi, ya nemi mafaka a waya. Waya ta ƙara tura barci baya. Safiya ta yi ya rasa lacca, sakamako ya lalace, kunya ta hana shi kiran gida, damuwa ta ƙaru, dare ya sake yi.

Ita kanta jarabar ba a auna ta da yawan sa'o'i kawai. Kimberly Young, Ba'amurkiyar da ta fara gabatar da bincike a kan matsalar a 1996, ta kuma tsara tambayoyi 20 na gwaji, ta fi mai da hankali ne ga ƙwacewar linzami: mutum ya yi niyyar minti goma ya share awa uku, ya yi ƙoƙarin dainawa ya kasa, ya riƙa ɓoye wa mutane yawan zamansa, ransa ya ɓaci in an raba shi da abin, ya kuma riƙa gudu zuwa gare shi duk lokacin da zuciya ta ƙuntata. Hukumar Lafiya ta Duniya jarabar wasannin kwamfuta ce ta shigar cikin kundin cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara da liƙa wa kowane mai riƙe da waya sunan mai jaraba.

Watannin da babu sabis

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da ma Funtuwa da Dutsin-Ma. An kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa, aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu ba su labari. Sai a watan Disamba aka fara maido da layin.

Ba don gyaran tarbiyyar matasa aka yi wannan ba, amma ya ba mu abin yin tunani. Ga abin da iyaye da yawa ke fata ya faru: an ɗauke intanet ɗungurungum. In da waya ce tushen ciwon, da a waɗannan watanni babu matasan da za su kai na Sabuwa daɗin barci a duk Nijeriya. Amma abin da ya hana mutane barci yana nan a daji bai gusa ba, sai ma hanyar gargaɗin juna da neman agaji da ta toshe. Mutane suka riƙa yin doguwar tafiya don kiran waya ɗaya, ana ba direbobin tasha saƙo kamar zamanin da. Ɗalibin da ke nesa kuwa, wanda da yake kwana yana duba waya don ya ji lafiyar gida, sai ya koma kwana ba shi da abin dubawa. An raba shi da wayar, ba a raba shi da abin da ya kai shi gare ta ba.

Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai gidan da ya kashe ƙadangare ya bar tsagar, gobe kunama zai tarar a ciki. Mun kuwa san irin abubuwan da matashi mai ƙuncin zuciya kan koma wa in ya rasa mafaka, tun daga maganin tari har zuwa ƙwayoyi.

Sai dai kada wannan ya sa a wanke waya tas. Karin maganar ta tsaya ne a kan shiga, ba ta faɗi abin da baƙon ke yi bayan ya shiga ba. Hasken da ke bugun ido da tsakar dare yana jinkirta sinadarin barci, abin da ake kallo kuma yana tayar da hankali a lokacin da ya kamata ya kwanta. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan dandali ribarsu na cikin daɗewar mai kallo, don haka suka gina su ba su da ƙarshe. Tatsuniya tana da ƙurunƙus, littafi yana da bangon baya, hirar ƙofar gida takan watse in mai shayi ya kashe wuta. Shafin TikTok kuwa ko shekara za a yi ana ja ba a kai gindinsa.

Rabon kowa

To ina laifi ya tsaya? A kan halitta babu laifi, kamar yadda ba a zargin dogo da tsawonsa. A kan ciwo ma babu laifi, sai dai akwai nauyi biyu: na mai ciwo ya nemi magani, na waɗanda ke kewaye da shi su lura su tambaya. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, yadda ba wanda ke hana mai zazzaɓi shan magani don yana addu'a. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma akwai asibitocin wannan fanni a Kaduna da Kware da Dawanau. Amma doka da asibiti ba sa amfanar yaron da gidansu ke jin kunyar kiran ciwonsa da sunansa.

A kan ɗabi'a kuwa ɗalibi yana da rabonsa, kuma ba za mu ɗauke masa shi ba. Wanda ya ce yaro ba shi da ikon komai, halitta ce da ciwo da kamfanoni ke juya shi, shi ma ya raina shi, raini irin na tausayi. Agogon jiki yana da tauri amma yana lanƙwasuwa. A 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Kolorado ya kai wasu mutane daji suka yi mako guda babu lantarki, sai hasken rana da na wuta, agogonsu ya dawo gaba da kimanin awa biyu, kuma 'yan daren cikinsu ne suka fi matsawa. Rana kuwa ba abin da muke saye ba ne a Katsina. Ɗalibin da ya tsayar da lokacin tashi guda, ya fita hasken safiya maimakon komawa cikin bargo, ya yi gajeriyar ƙailula da rana irin ta magabata, ya kuma nisanta waya da matashin kai, ya kama hanyar karɓo linzaminsa.

Shi kuma tsoron abin da zai faru a gida, ba a ce masa ya daina ba, domin yana da dalili. Abin da za a iya shi ne a raba shi. 'Yan sintiri ba sa kwana a tsaye dukansu. Karɓa-karɓa suke yi. Ɗaliban gari ɗaya da ke makaranta ɗaya, waɗanda galibi suna da ƙungiyarsu, me zai hana su raba daren? Yau wane ke sauraren labarin gida, saura su rufe data su bar layin kira a buɗe, da alkawarin in akwai abin ji za a tashe su. A kuma yi ƙa'ida da gida cewa bayan sallar isha'i za a gaisa, da asuba a sake gaisawa. Gadin da mutum ɗaya ke yi kullum ciwo ne, wanda mutum bakwai suka raba kuwa zumunci ne.

Makarantu ma da nasu rabon. Malamin da ya ga ɗalibi mai ƙoƙari ya fara ɓacewa daga laccar safe, tambaya ɗaya a keɓe za ta fi masa amfani a kan gori a gaban aji. Ofishin ba da shawara da ke cikin makaranta ya kamata ya zama wurin da ake shiga ba tare da an ji kunya ba.

Abin da ya shafi marubuci

'Yan'uwa marubuta, wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A shekarun 1990 littattafan soyayya na Kano aka ɗora wa irin wannan laifi. An ce su ke hana 'yan mata barci da karatu, ana kama su a ƙarƙashin matashin kai a makarantun kwana. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da yarinyar ke nema a cikin littafin wanda ta rasa a waje. Yau labaran sun koma WhatsApp da Wattpad, ana sakinsu shafi-shafi, kuma da yawa daga masu jiran shafin gobe su ne waɗannan masu kwana ido biyu. Ke nan muna da hanyar isa gare su a daidai sa'ar da ba mai isa.

Shawararmu ga mai sha'awar rubutu ita ce, in zai sa irin wannan ɗalibi a labarinsa, kada ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙensa da idon mai unguwa. Ya shiga ɗakin. Ya san sunan ƙauyen da yaron ke jira ya ji labarinsa, ya san nawa ya rage a kuɗin rajista, ya san abin da yake rubutawa ya goge bai aika ba. Kada kuma ya mai da shi waliyyi. Ya nuna daren da yake da ikon ajiye wayar ya ƙi. Labarin da ya ce waya ta lalata yaro an riga an ji shi, ba ya ƙara wa kowa sani. Wanda ya nuna yadda bangon ya fara tsagewa shi ne zai sa wani uba ya sassauta murya, wani yaro kuma ya gane cewa abin da ke damunsa yana da suna, yana da magani.

Kammalawa

Mun ga cewa dare na ɗan dare halitta ne, ƙuncin zuciya ciwo ne, jarabar intanet kuwa ɗabi'a ce da kan tsiro a tsakaninsu ta kuma ƙara musu ƙarfi. Adalci shi ne a yi wa halitta uzuri, a nema wa ciwo magani, a tsare ɗalibi a kan abin da yake da iko da shi, sa'an nan jama'a su amsa nasu rabon na daren da ya lalace.

Harshenmu ma ya riga ya ba mu mabuɗin. Kowace safiya muna ce wa juna ina kwana, an tashi lafiya, ana amsawa da lafiya lau tun kafin mai tambaya ya rufe baki. Waɗanda suka ƙago wannan gaisuwa sun san dare abin tambaya ne. In ɗa ko ƙane ko ɗalibi ya fito da jajayen idanu, kafin a tambaye shi me ya sa bai ajiye waya ba, a fara tambayarsa me ya hana shi barci, a kuma zauna a saurari amsar. Allah ya maido wa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da sauran garuruwanmu, daren da ake barci a cikinsa, amin.